Waƙar Kano, Ƙuri'ar Lome: Nazari a Kan Waƙoƙin Siyasa da Wayar da Kan Mai Zaɓe

A duk rassan adabin Hausa na wannan zamani babu wanda ya kai waƙar siyasa saurin yaɗuwa. Littafi sai an buga shi, an kai shi kasuwa, an samu mai kuɗin saye da sararin karantawa. Fim sai an nemi wuri an zauna. Ita kuwa waƙa, in an sake ta a Kano da hantsi, kafin la'asar ta isa wayar ɗan zemijan a Lome, washegari yara na rera amshinta a bakin famfo. Babu jami'in kwastan da zai tsayar da ita a Seme ko a Hilakonji.

Masu nazarin waƙa sun saba su dubi jigo da salo da zubi da tsari, su ƙirga baitoci, su fito da adon harshe. Wannan aiki ne mai kyau, amma bai isa ba in ana maganar waƙar siyasa, domin ita an yi ta ne don ta kai mutum rumfar zaɓe ya dangwala yatsa. Abin da aka yi don wani aiki kuwa, da wannan aikin ake auna shi. Saboda haka ma'aunin da zan riƙe a wannan rubutu ɗaya ne: idan kiɗa ya tsaya, me mai sauraro ya sani game da ƙuri'arsa wanda bai sani ba kafin a kunna waƙar?

Na zaɓi in yi wannan awo da mutanen unguwar Totsi da sauran masu jin Hausa na birnin Lome, saboda a nan ne ratar da ke tsakanin abin da kunne ke ji da abin da hannu zai dangwala ta fi fitowa fili.

Su Wa Ke Saurare?

Totsi tana arewa maso yammacin Lome, ba nisa da iyakar Gana. Masu jin Hausa a nan, da na Agoe-Zongo da sauran unguwanni, ana iya kasa su gida uku. Akwai 'yan ƙasa, waɗanda kakanninsu fatake ne da suka sauka a wannan gaɓa tun zamanin Jamusawa da cinikin goro da shanu, tare da Kotokoli da sauran ƙabilun da Hausa ta zama musu harshen kasuwa da na zaman zango. Waɗannan katin zaɓensu na Togo ne. Akwai 'yan Nijeriya da neman abinci ya kawo, waɗanda har yau dokar ƙasarsu ba ta ba su damar jefa ƙuri'a daga waje ba, duk mai son zaɓe sai ya hau mota ya koma gida. Sannan akwai 'yan Nijar, waɗanda tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ba a sake buɗe musu akwati ba, a Maris 2025 ma aka rushe jam'iyyun siyasa, aka rantsar da Janar Abdourahamane Tiani na tsawon shekara biyar.

Waɗannan gida uku sahu ɗaya suke yi a masallaci, shayi ɗaya suke sha, labaran BBC da DW da RFI iri ɗaya suke ji, waƙoƙi iri ɗaya kuma ke yawo a wayoyinsu. Cikinsu wanda ƙuri'arsa ke da rai, kuma rumfarsa ke bayan gidansa, shi ne ɗan gida na farko. Amma waƙar da ta cika masa kunne ba ta san da zamansa ba. Za ka samu saurayi haifaffen Lome ya haddace rikicin Ganduje da Kwankwaso daki-daki, ya san tsintsiya da lema da kwandon kayan marmari, yana musu a kansu har jijiyar wuya ta tashi. Ka tambaye shi depite nawa ne a majalisar ƙasarsa, ko wa ke zaɓen sanata, sai ka ji hira ta mutu.

Ba laifi ba ne mutum ya bi labarin ƙasar kakanninsa, kuma abin da ya faru a Nijeriya yana taɓa tukunyar kowa a wannan yanki. Inda gizo ke saƙa shi ne a san na nesa a jahilci na kusa.

Gadon da Magabata Suka Bari

Kada wani ya ce waƙar Hausa ba ta iya ɗaukar bayani mai nauyi. Tarihin wannan yanki da kansa ya ƙaryata haka. Alhaji Umaru Salga, haifaffen Kano, ya zauna a Kete-Karachi lokacin tana ƙarƙashin Togo ta Jamusawa, a can kuma ya rasu a 1934. Garin yana cikin Gana a yau. Wannan malami ya ga duniyar da ya sani tana juyewa, Turawa suna cin ƙasa bayan ƙasa, sai ya zauna ya tsara waƙoƙi a kan zuwan Nasara, da Larabci da kuma Hausa. A cikinsu ya bi al'amarin gari-gari, yana nuna yadda baƙin suka shigo da lallami, da yadda suka ƙare da riƙe wuyan masu gari. Mutumin zango da ya saurara a lokacin ya tashi da sanin cewa iko ya sauya hannu, ya san hannun da ya koma, ya kuma san ta wace hanya. Ashe ke nan tun fiye da shekara ɗari da suka wuce an yi wa Bahaushen wannan yanki bayanin siyasar zamaninsa cikin baiti.

A ƙasar Hausa ma haka aka yi. A wajejen 1950, lokacin da ake ta shawarwarin da suka haifar da tsarin mulkin Nijeriya na 1951, Malam Sa'adu Zungur na Bauchi ya tsara waƙarsa mai suna Arewa Jumhuriya ko Mulukiya. Sunan kawai darasi ne. Ya ajiye wa mai sauraro tsarin mulki iri biyu, ya ce zo mu auna. Shi kansa ya karkata ga a bar sarauta amma a gyara ta, a ɗaure ta da doka da shawara, ya kuma tsoratar da sarakuna da abin da ya samu takwarorinsu na Indiya. Malam Mudi Sipikin na Kano bai gamsu ba, ya mayar da martani da tasa waƙar, Arewa Jumhuriya Kawai. A lura da abin da ya faru a nan: mawaƙa biyu suna jayayya a bainar jama'a a kan siffar gwamnati, talaka yana tsakiya yana alƙalanci. Wanda ya ji su duka biyu, ko bai taɓa taka ƙofar makarantar boko ba, ya san akwai mulkin gado, akwai na zaɓe, kuma kowanne da ribarsa da hasararsa.

Ba na cewa zamanin NEPU da NPC zamanin waliyyai ne. Waƙoƙin jam'iyyun nan biyu cike suke da zambo da cin mutunci, har da kafirta juna. Mai neman zagi zai same shi buhu-buhu. Sai dai a tsakanin zagin ana kiran abubuwa da sunansu: haraji, jangali, aikin tilas, zaluncin 'yan doka, hukuncin kotun alƙali. Talaka ya san abin da ake cewa za a cire masa daga wuya. Shi ya sa a 1979, da PRP ta ci jihohin Kano da Kaduna, gwamnatocin Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali, mai zaɓe yana iya ɗaukar alkawari a hannun dama da aiki a hannun hagu ya gwada su. Wannan gwaji shi ne amfanin ƙuri'a, kuma ba ya yiwuwa sai an faɗa wa mutum tun farko abin da zai saya da ita.

Waƙar Yau da Abin da Ta Gada

Idan ana maganar waƙar siyasa a yau, sunan Dauda Kahutu Rarara ne ke fara zuwa baki, kuma da dalili. Mutumin ya iya sana'arsa. Amshinsa gajere ne, yaro ma ya ji sau biyu ya riƙe. Ya san inda zai sa kirari ya ɗaga ubangida, da inda zai saki habaici jama'a su fashe da dariya. In ya laƙa wa abokin hamayya suna, sunan kan bi mutum har gida. Masu Gudu Su Gudu da ya yi wa Muhammadu Buhari, da Jagaba Shi Ne Gaba da ya yi wa Bola Tinubu, sun shiga lungunan da babu wata takardar manufofin jam'iyya da ta taɓa shiga. Duk mai musun gwanintarsa, son zuciya ne ke damunsa. Na ambace shi ne don shi ya fi fice, amma mawaƙan Kwankwasiyya da na PDP da sauransu duk gwado ɗaya suke saƙawa, launin zare ne kawai ya bambanta.

Matsalar tana cikin ƙirar waƙar tun daga tushe. Wannan salo na kirari da zuga da zambo gadon makaɗan fada ne, irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo. A fada kuwa salon ya dace da wurinsa, domin sarki ba talaka ke zaɓensa ba. Makaɗi zai yabi asalinsa da kyautarsa da kwarjininsa, ya muzanta 'yan uwansa da suka nemi sarautar suka rasa, mai sauraro ya ji daɗi ya tafi gida. Ba a nemi ya yanke wani hukunci ba, saboda an riga an yi naɗi. Da siyasar zaɓe ta zo sai aka ɗauko wannan riga yadda take aka sa wa ɗan takara. Aka manta cewa a wannan karo mai sauraro shi ne mai naɗin. Waƙar tana yi masa magana kamar bafaden da aikinsa amsa amshi ne, alhali alƙali ne da ya kamata a shimfiɗa wa hujja.

Ga misalin da ya taɓa aljihun kowa. Kafin zaɓen 25 ga Fabrairu 2023, manyan 'yan takara uku, Tinubu da Atiku Abubakar da Peter Obi, kowannensu ya faɗa a fili cewa zai cire tallafin man fetur. Ba a ɓoye maganar ba. Tana cikin hirarrakinsu da jawabansu, galibi da Turanci. Ranar 29 ga Mayu 2023, a wurin rantsuwa, Tinubu ya sanar cewa tallafi ya tafi. Cikin 'yan kwanaki litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500. Zafin bai tsaya a Nijeriya ba, domin man bumburutun da ake sayarwa a kwalabe a bakin titunan Kwatano da Lome daga can yake fitowa, shi ma ya tashi. Jama'a suka yi ta cewa an yaudare su. Gaskiyar magana ita ce an faɗa, amma a harshen da yawancinsu ba sa ji, abin da aka kawo musu da harshensu kuwa kirari ne. Batun da ya fi kowane batu nauyi a wancan zaɓe bai zama amshin waƙar kowa ba.

Bayan Buhari ya sauka, a Oktoba 2023, Rarara da kansa ya fito gaban 'yan jarida ya soki mulkinsa. Aka yi ta ce-ce-ku-ce, wasu na cewa butulci ne, wasu na cewa gaskiya ce ta yi halinta. Ni abin da ya fi damuna shi ne wanda ya yi zaɓe sau biyu da waccan waƙa a kunnensa. Shi mawaƙi ya sauya ubangida ya ci gaba da sana'a. Mai ƙuri'a fa, ina zai je ya karɓo shekara takwas? Kuma duk da yadda waƙoƙi suka cika gari a 2023, cikin mutum sama da miliyan 93 da suka yi rajista, waɗanda suka fita zaɓen shugaban ƙasa ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba. Zuga tana tara mutane a filin taro, amma ba lalle ta gamsar da su cewa tsayuwa a layi cikin rana tana da amfani ba.

Abin da Ya Samu Ƙuri'ar Togo

Yanzu mu dawo gida. A daidai lokacin da ake ta musun siyasar Kano a rumfunan shayi na Lome, ƙuri'ar ɗan Togo ta sauya ma'ana gaba ɗaya.

Tun 1992, lokacin da aka amince da kundin tsarin mulki ta hanyar ƙuri'ar raba gardama, jama'a ke zaɓen shugaban ƙasa kai tsaye. Wancan kundi ya ƙayyade wa'adi biyu. A 2002 aka cire iyakar, a zamanin Gnassingbé Eyadéma wanda ya riƙe ƙasar daga 1967 har rasuwarsa a Fabrairu 2005. Ɗansa Faure ya gaje shi, ya kuma ci zaɓukan 2005 da 2010 da 2015 da 2020. Zanga-zangar da ta ɓarke ranar 19 ga Agusta 2017, wadda Tikpi Atchadam da jam'iyyarsa ta PNP suka kunna kuma ta yi ƙarfi a Sokode, babban abin da ta nema shi ne a koma kundin 1992. A 2019 aka maido da iyakar wa'adi biyu, amma ba a ƙirga waɗanda suka wuce ba.

Ranar 25 ga Maris 2024 majalisar dokoki ta amince da sabon kundi. Da aka yi ƙorafi, har limaman cocin Katolika suka roƙi shugaban ƙasa kada ya sa hannu, sai aka mayar da shi majalisa, ta sake amincewa ranar 19 ga Afrilu. Ba a yi ƙuri'ar raba gardama ba. Kwana goma bayan haka, ranar 29 ga Afrilu, aka yi zaɓen 'yan majalisa, jam'iyyar UNIR mai mulki ta samu kujera 108 cikin 113. A farkon Mayu aka sa wa kundin hannu ya zama doka.

Ga abin da sabon tsarin ya ƙunsa. Jama'a sun daina zaɓen shugaban ƙasa. Majalisun biyu, ta dokoki da ta dattawa, su ke haɗuwa su zaɓe shi, wa'adinsa shekara huɗu, kuma kujerar ta girmamawa ce. Iko na haƙiƙa, wato gwamnati da soja da hulɗa da ƙasashen waje, ya koma hannun Shugaban Majalisar Ministoci. Wannan kujera ta jagoran jam'iyyar da ta fi rinjaye a majalisar dokoki ce, wa'adinta shekara shida, kuma muddin jam'iyyarsa na cin zaɓe babu iyakar sau nawa zai koma. Ranar 3 ga Mayu 2025 Faure Gnassingbé ya hau wannan kujera, Jean-Lucien Savi de Tové kuma ya zama shugaban ƙasa. Sanatoci su 61 ne: 41 kansilolin ƙananan hukumomi da na jihohi ke zaɓensu, sauran 20 naɗa su ake yi.

Gwamnati ta ce wannan tsari zai rage zafin da zaɓen shugaban ƙasa ke jawowa duk bayan shekara biyar, ya kuma ƙara wa majalisa ƙarfi. 'Yan adawa suka ce juyin mulki ne da alƙalami, hanyar dawwama a kan karaga. Kowa yana da 'yancin ɗaukar ɓangaren da ya gamsar da shi. Abin da ba shi da musu shi ne, wanda ya dangwala wa depite a Afrilu 2024 yana zaton wakilin unguwa kawai yake zaɓa, a zahiri mai mulkin ƙasa na shekara shida ya zaɓa. Wanda ya raina zaɓen kansila na Yuli 2025 ya ce ƙaramin zaɓe ne, ya raina mutumin da ke da hannu wajen zaɓen sanata, sanata kuma ke da hannu wajen zaɓen shugaban ƙasa.

Shin wannan ya fi ƙarfin waƙa? Ko kusa. Bahaushe ya daɗe da sanin irin wannan tsari. A Kano masu zaɓen sarki huɗu ne, Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta. Da wani fasihi ya ce wa mutumin Totsi, da kai ke naɗa sarki da hannunka, yanzu masu zaɓen sarki kake naɗawa, kuma an raba rawani da takobi, ɗaya ya ɗauki rawani ɗaya ya ɗauki takobi, da baiti biyar sun isar da abin da shafuka masu yawa na Faransancin lauyoyi suka kasa isarwa. Tambayar da Sa'adu Zungur ya yi wa Arewa ce ta sake tasowa a bakin teku da sabuwar riga. To ina Sa'adun Lome, ina Mudi Sipikin da zai amsa masa?

Me Ya Kawo Shirun?

Dalili na farko harshe ne. Dokokin Togo da Faransanci ake rubuta su, harsunan da gwamnati ta ɗauka a matsayin na ƙasa kuwa Ewe ne da Kabiye. Hausa tana da ƙarfi a kasuwa da masallaci, amma ba ta da kujera a ofis. Manyan gidajen rediyon Hausa na ƙetare kuma, bisa yawan masu saurarensu, Nijeriya da Nijar suka fi ba wa lokaci. Togo takan samu minti biyu ne ranar da wani abu ya fashe.

Na biyu kuɗi ne. Mawaƙin siyasa na yau ubangida ke ɗaukar nauyinsa, daga kuɗin situdiyo har motar hawa. Babu ɗan takarar da zai biya a yi waƙar da ke koya wa jama'a yi masa tambaya. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Na uku, wanda ya fi sauran zurfi, tsoro ne. Mutumin zango ya taso da tarbiyyar cewa baƙo ba ya shiga rigimar masu gari, ko da kakansa a garin aka binne shi. Tsoron kuma ba na banza ba ne. A ƙarshen Mayu 2025 an kama mawaƙin nan Aamron bayan ya soki gwamnati ya kuma yi kiran zanga-zanga, a watan Yuni kuma hukumar kula da kafafen yaɗa labarai ta dakatar da RFI da France 24 na wata uku. Wanda ke da shago da iyali zai yi tunani sau biyu kafin ya buɗe baki, kuma ba wanda ya isa ya zarge shi daga nesa.

Sai dai tarihi ya nuna cewa kama baki ma ba garkuwa ba ne. Tsohon Zangon Lome a tsakiyar gari yake, kusa da harkar kasuwanci. A 1977 hukuma ta rushe shi, aka kwashe mutanensa zuwa bayan gari ta arewa, tafiyar kilomita goma sha wani abu. Wani Bafaranshe mai bincike, Michel Agier, ya rubuta littafi a kan 'yan kasuwar wannan zango da yadda suka sake gina rayuwarsu, aka buga shi a 1983. Mutanen da suka ɗauka cewa ciniki da ibada sun ishe su, ranar da aka zana taswirar gari babu wanda ya tambaye su. A ƙetaren iyaka kuwa, a Gana, inda 'yan siyasa suka san ƙuri'ar zango tana iya karkata sakamako, har ma'aikata aka kafa a 2017 mai ɗauke da sunan zango, kuma a Disamba 2024 masu zaɓe suka sauke jam'iyya mai mulki suka dawo da John Mahama. Mutanen iri ɗaya ne, harshe ɗaya, Aflao kawai ta raba su. Wanda aka san yana ƙirga ƙuri'arsa, shi ma ana ƙirgawa da shi.

Abin da Ya Rage Mana

Akwai bambanci tsakanin waƙar da ke cewa zaɓi wane da wadda ke cewa ga yadda zaɓe yake. Ta biyun ba ta zagin kowa, ba ta goyon bayan kowa, dokar da gwamnati da kanta ta wallafa take fassarawa. Wannan fili ne da marubuta da mawaƙan zango za su iya nomawa ba tare da sun taka gonar wani ba. Muna da matasan da suka yi karatun Faransanci har jami'a kuma Hausa ce harshen gidansu. Muna da masu waƙen bege da na biki da suka san karin da ke kama kunnen mata a cikin gida. In aka haɗa mai sanin doka da mai sanin kari, waƙa ɗaya za ta bayyana wa tsohuwa mai sayar da koko kujerun da ake zaɓa, shekarun kowace kujera, abin da kansila ke da ikon yi game da kwata da kasuwa da fitilar titi, da abin da ya fi ƙarfinsa. Wayar da ta kawo waƙar Kano ita za ta raba wannan ma.

Mu masu sharhi kuma akwai namu nauyin. Mun daɗe muna yaba wa mawaƙi kan iya sarrafa harshe, muna rubuta kundaye a kan zambo da habaicinsa, ba mu cika tambayar ko abin da ya faɗa gaskiya ne ba, ko me ya bari bai faɗa ba. Shirun waƙa ma abin nazari ne. Waƙar da ta yi minti goma sha biyar tana yabon ɗan takara ba ta ambaci abu ɗaya da zai yi wanda za a iya bincikawa bayan shekara huɗu ba, ya kamata mai nazari ya rubuta haka ƙarara, ko da kiɗanta ya kai zuma daɗi.

Shi kuma mai sauraro, ba wanda ya ce ya daina jin daɗin waƙa. Ya ji, ya yi dariyar habaicin, in ya so ya taka. Amma kafin ya bar ta ta raka shi rumfa, ya tambayi kansa: wace kujera ake nema, me mai kujerar ke da ikon yi, me wannan mutum ya ce zai yi da bakinsa, kuma wa ya biya kuɗin waƙar? In waƙar ba ta amsa ba, ya nemi amsar a wani wuri, wajen ɗansa da ke karanta jarida, ko maƙwabcin da ya san doka, ko shirin rediyon da ake kiran 'yan takara a yi musu tambayoyi. Tambaya rabin ilimi ce, in ji Hausawa.

A ƙarƙashin sabon tsari, 'yan majalisar Togo shekara shida za su yi kafin a sake zuwa wurin jama'a. Lokaci ne mai tsawo ga wanda ya dangwala cikin duhu, amma ya isa a rubuta, a rera, a koyar. Allah Ya ba mu fasihan da za su ɗauki wannan aiki, Ya ba ƙasashenmu zaman lafiya da shugabanni masu adalci. Amin.